Sake fasalin kolbak a laburaren fayil na ƙananan na'urori: inda wahalar take

Duk wanda ya taɓa sa ƙaramin cif mai sarrafa na'ura irin ESP32 ko STM32 ya riƙa ajiye bayanai a cikin filash, wato ma'ajiyar da ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke, ya san wurin nan da nake nufi, wurin da za ka sauko da laburaren fayil, ka buɗe, ka ga ashe bai san komai ba game da cif ɗin da ke kan allonka. littlefs haka yake, FatFs haka yake, SPIFFS ma haka. Shi laburaren ya iya lissafin wane fayil ne ke wane bulok, ya iya suna da folda da girma, amma taɓa waya ɗaya ta SPI, wato wayoyin da ake magana da cif ɗin filash ta kansu, bai iya ba. Sai ya bar maka gurabe, kai ka rubuta ƙananan fankishin ka miƙa masa adireshinsu, in ya buƙaci karatu ko rubutu ya kira su. Su ne kolbak. Kamar mai riƙe littafin lissafi ne a shagon hatsi a Farin Gada wanda ba ya shiga sito da kansa, ya san buhun wane yana wace kwana, amma sai ya aiki yaro ya ɗauko ko ya ajiye, kuma duk abin da yaron ya dawo ya faɗa shi zai rubuta. Kod ɗinka shi ne yaron.

To su masu kula da irin waɗannan laburare lokaci-lokaci sukan ce za su gyara yadda ake wannan aiken, kuma mu masu amfani da su a nan Jos muna ganin abin kamar canjin layi biyar ne a fayil ɗin .h kawai. Ni dai ra'ayina, canjin da kompaila, mai fassara kod zuwa harshen na'ura, zai kama ya yi maka ihu ba shi ne abin tsoro ba, wannan aikin yamma ɗaya ne da shayi. Abin tsoro shi ne fankishin ya ci gaba da kama da na da, sunansa ɗaya, abin da yake karɓa ɗaya, amma ma'anarsa ta sauya a ƙarƙashi.

Sai mun fara da filash ɗin kansa, don siffar kolbak daga halinsa ta fito. Ɗauki W25Q32 na Winbond da ke ko'ina, megabait 4 ne. Karatu ba matsala, ko'ina ka ga dama. Rubutu kuma shafi-shafi ne na bait 256, kuma rubutun ba ya iya komai sai mayar da 1 ta zama 0. In kana so 0 ta koma 1 dole ka goge, gogewa kuma ba ta yiwuwa ƙasa da sekta guda ta bait 4096, kuma kowace sekta tana ɗaukar gogewa wajen sau 100,000 kafin a daina yi maka alkawari a kanta. Shi ya sa littlefs, wanda Christopher Haster ya rubuta a ARM ya fito a 2017 tare da Mbed OS, yake neman abu huɗu a wurinka: read na karatu, prog na rubutu, erase na gogewa, sync na tabbatar da rubutun ya zauna. Ya raba rubutu da gogewa da gangan. FatFs na ChaN kuwa an gina shi ne da tunanin katin SD da faifai, inda sekta bait 512 ce galibi kuma akwai kwakwalwa a cikin katin da ke ɓoye maka zancen gogewa gaba ɗaya, don haka shi disk_read da disk_write yake so, sauran tarkace galibi an zuba su a disk_ioctl.

Yanzu babbar rigimar, wadda kusan duk gyaran fasali a kanta ake farawa: in laburare ya kira fankishin ɗinka, ta ina za ka san wace na'ura ake magana?

FatFs bai ma yi amfani da fointa, wato adireshin da ake miƙawa, ba, sunayen fankishin ɗin a kafe suke, kai za ka rubuta disk_read da wannan sunan daidai, linka, mai ɗinke sassan kod wuri ɗaya, ya haɗa. Abin da ake ba ka na shaida shi ne pdrv, bait ɗaya, lambar faifai. Kana da kati ɗaya lafiya lau. Kana da kati da filash da USB, sai ka ga diskio.c ya cika da switch, case 0 case 1 case 2, kuma duk bayanan kowace na'ura suna zaune a gulobal, wato ma'ajiyar da kowane sashen kod ke gani. Yana aiki fa, shekaru da yawa yana aiki a miliyoyin kaya, kuma ba ya cin RAM ko kaɗan wajen ajiye fointoci. Amma ka gwada haɗa laburare biyu da kowanne ya zo da nasa disk_read, linka zai ce maka suna ɗaya ya fito sau biyu, daga nan sai fara yanke-yanke.

SPIFFS na Peter Andersson ya yi amfani da fointa, hal_read_f da hal_write_f da hal_erase_f, sai dai abin da suke karɓa adireshi ne da girma, sai bafa ga read da write, shi ke nan, babu wata shaidar wace na'ura. Mai cif biyu ya maƙale. Maganin da aka kawo shi ne wani makaro, SPIFFS_HAL_CALLBACK_EXTRA, in ka kunna shi sai kowane kolbak ya samu ƙarin abu a gaba, fointa zuwa spiffs ɗin kansa, daga nan ka ciro user_data. An warware matsalar ba tare da an karya wa tsofaffi kod ba, wannan gaskiya ne, amma kuma yanzu siffar fankishin ta dogara da wani #define da ke can wani fayil, misalin da ka kwafo daga wurin abokinka zai iya zama na ɗaya siffar alhali naka na ɗayar ne.

littlefs ya zo da tasa hanyar, kowane kolbak abu na farko da yake karɓa shi ne const struct lfs_config *c, wato duk takardar saitin gaba ɗayanta, a ciki akwai context, wani void * da ka sa duk abin da ka ga dama. Daɗin wannan a fili yake, a cikin read ɗinka sai ka rubuta block sau c->block_size a tara da off, wato tazarar cikin bulok ɗin, ka samu adireshi, ba ka ajiye girman bulok a wuri biyu ba. Amma a cikin laburaren nan guda, lfs_fs_traverse da ke zagaya maka duk bulok ɗin da ake amfani da su, nasa kolbak ɗin void *data kawai yake karɓa da lambar bulok. Salo biyu a gida ɗaya. Kuma in ka zauna za ka rubuta direba, wato kod ɗin da ke magana da cif ɗin, da kake so ya yi aiki da littlefs yau, gobe da wani abu daban, za ka ga direban ya auri lfs.h, ba ya motsi sai da shi. Ya fi ciwo in kana son jera abubuwa a kan juna, misali ka sa wani mataki a tsakiya da zai ɓoye bayanai da AES kafin su sauka filash, ko wanda zai matsar da adireshi saboda rabin farko na cif ɗin na manhajar na'ura ne. Matakin tsakiyan nan in zai kira na ƙasa dole ya ƙirƙiro wani lfs_config na bogi ya miƙa masa, don kawai ya samu context ɗinsa. Masu naɗe laburaren a C++ ko Rust ma wannan tsalle suke yi.

Ni ina tare da masu cewa a ba kolbak void * kai tsaye, a sa shi farko, a bar shi a farko a kowane kolbak ba tare da togiya ba. Kuma kada wani ya ce matsayinsa ba komai ba ne. qsort na C, fankishin ɗin jera abubuwa da shi ma kolbak yake karɓa, tun asali ba shi da wurin sa irin wannan fointa, da aka zo gyarawa aka yi qsort_r, glibc ta Linux ta sa nata a ƙarshe, ta tsarin BSD ta sa nata a gaba, suna ɗaya jeri daban, aka shafe shekaru mutane na rubuta #ifdef saboda wannan kawai. Amma hanyar void * tana da kuɗinta da ya kamata a faɗa: direba ya rasa c->block_size, dole ya riƙe nasa, yanzu lamba ɗaya tana wuri biyu, ranar da wani ya canza ɗaya zuwa 8192 ya manta ɗayar, rubutu zai riƙa sauka a inda ba a aike shi ba kuma babu wanda zai yi kuka. Mafita a ganina ita ce a juya abin, girman shafi da girman bulok da yawansu su fito daga wurin direba, tunda shi ya san cif ɗin, laburare ya tambaye shi lokacin mount, wato lokacin da yake buɗe filash ɗin don fara aiki. Abin da ya rage a saiti sai ya zama zaɓin mai amfani zalla, girman kash, wato ɗan wurin riƙe bayanai a RAM, da block_cycles, wato sau nawa za a goge bulok kafin a juya zuwa wani, da makamantansu.

Sai lambar da kolbak ke dawowa da ita, wanda a nan ne na fi ganin yara masu koyo suna faɗawa rami, har da manya ma. littlefs yana so 0 in an yi nasara, lamba mai ɗebewa in an samu matsala. Laburaren HAL na STM32 kuma nasa HAL_OK 0 ne, HAL_ERROR 1, HAL_BUSY 2, HAL_TIMEOUT 3. Abu mafi sauƙi a duniya shi ne mutum ya rubuta return HAL_SPI_Receive kaza kaza ya wuce, kompaila ba zai ce uffan ba tunda duk lamba ce. littlefs ya sa assert, wato layin da ke tsayar da kod in sharaɗi ya karye, da ke duba cewa abin da ya dawo bai wuce 0 ba, amma mutane da yawa suna kashe assert da LFS_NO_ASSERT don rage girman kod, sai 3 ɗin nan ta shige ciki tana yawo.

Ko a cikin lambobi masu ɗebewar ma akwai biyu da bambancinsu ya kai sama da ƙasa. LFS_ERR_IO, wato -5, na nufin an kasa, a gaya wa mai kira. LFS_ERR_CORRUPT, -84, in prog ko erase ya dawo da ita cewa yake wannan bulok ɗin ya mutu, sai littlefs ya kwashe kayan ya nemi wani bulok ya sake gwadawa. Yanzu ka ɗauka waya ce ta saki a kan allo, ko batir ya yi ƙasa, kai kuma direbanka duk matsala -84 yake cewa, laburare zai yi ta bin bulok ɗaya bayan ɗaya kowanne ana ce masa ya mutu, ƙarshe ya iya ce maka wuri ya ƙare a cif ɗin da kusan babu komai a ciki. In kuma ka juya, bulok ya mutu da gaske kana cewa -5, ka kashe masa dabarar da aka gina shi dominta. Don haka duk mai sake fasali, in bai rubuta a saman kowane kolbak wace lamba ce ke sa laburare yin me ba, bai gama aiki ba. Rubutun nan na sama shi ne yarjejeniyar, jerin abin da fankishin ke karɓa rabinta ne kawai. Misali lfs.h ya faɗa ƙarara cewa halin bulok bayan an goge shi ba a ƙayyade ba, wato laburaren bai dogara da ganin 0xFF ba, shi ya sa a kan katin SD ko RAM za ka iya barin erase ya dawo da 0 ba tare da ya yi komai ba. Ranar da wani ya ce bari mu ƙara sauri mu ɗauka gogaggen bulok 0xFF ne, siffar erase ba za ta canza ko harafi ɗaya ba, amma duk waɗancan direbobin sun zama ƙarya.

Lokaci ma haka. Goge sekta ɗaya a irin W25Q32 ɗin nan yakan ɗauki wajen milisakan 45, takardar cif ɗin ta ce zai iya kaiwa 400. Duk tsawon nan laburare yana tsaye yana jiran erase ɗinka ya dawo. Shi ya sa kullum ake samun mai cewa a mayar da kolbak ɗin su zama na jeka-na-kira-ka, wato a tayar da DMA, sashen cif da ke kwashe bayanai da kansa, a dawo nan take, in an gama a sanar. A baki yana da daɗi. Amma cikin laburaren fankishin ne ke kiran fankishin ke kiran fankishin, a can ƙasa ake kiran prog, kuma duk abin da ake tunawa yana kan sitak. In prog zai dawo kafin ya gama, dole a kwashe duk wannan a mayar da shi wani tsari da ke tuna inda aka tsaya, RAM ta ƙaru, kod ya ƙaru, wuraren kuskure su ninka, a na'urar da wataƙila kilobait 20 ce duk RAM ɗinta kamar STM32F103C8 ɗin da ke kan Blue Pill. Ban ga ribar ba gaskiya. In kana da FreeRTOS, mai raba wa ayyuka lokaci, kolbak ɗinka ya tayar da aikin ya kwanta a kan semafo, wato ya jira a tashe shi in an gama, sauran ayyuka su ci gaba, laburare bai ma san an yi ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu shi ne sync, don mu ɗaukewar wuta ba labari ba ne. Ka ɗauki na'urar da ke auna danshin ƙasa a gonar dankali wajen Bokkos, sola ce da ƙaramin batir, damina ta yi kwana uku rana ba ta fito ba, za ta mutu ne a tsakiyar rubutu, ba ko wataƙila. littlefs an gina shi ya jure wannan, amma jurewar ta dogara da cewa in sync ya dawo da 0, abin da aka rubuta ya zauna da gaske. Direban da ke tara rubutu a bafa don sauri, kuma sync ɗinsa return 0 ne kawai da aka kwafo daga misali, ya rusa alkawarin duka. A filash irin NOR, kamar W25Q32 ɗin nan, da prog ɗinka ke jiran tutar BUSY ta sauka kafin ya dawo, sync maras komai daidai ne. Inda akwai kash a tsakiya ba daidai ba ne. Layi ɗaya, wuri ɗaya halal wuri ɗaya haram.

Wani abu da takarda ya kamata ta hana ƙarara shi ne kolbak ya juyo ya kira laburaren. Mutum ya sa log a cikin prog don ya ga me ke faruwa, log ɗin kuma fayil yake rubutawa a wannan filash ɗin dai. In an kunna LFS_THREADSAFE, an riga an kama makulli ta kolbak ɗin lock, zai tsaya yana jiran kansa har abada in makullin ba mai yarda a sake kama shi ba ne. In ba a kunna ba ya fi muni, zai wuce ya dagula kash a tsakiyar aiki. A Raspberry Pi Pico kuma akwai ƙari, cif ɗinsa RP2040 mai kwakwalwa biyu daga filash ɗin yake karanta kod ɗinsa kai tsaye, don haka lokacin flash_range_erase dole ka kashe intarof, wato kiran gaggawa da ke katse kod, ka tabbatar ɗaya kwakwalwar ba ta taɓa filash, laburaren fayil bai san da wannan ba sam, nauyin direba ne.

To in an yanke shawarar canzawa, ya ake ƙaura? Masu MicroPython, wato Python na ƙananan na'urori, sun yi wani abu da ya burge ni. Tsohon tsarinsu na na'urar bulok readblocks da writeblocks ne da ioctl, irin tunanin FAT, writeblocks shi ke gogewa da kansa kafin ya rubuta. Da suka kawo littlefs sai suka ƙara abu na uku, offset. In an kira writeblocks babu offset, tsohuwar ma'ana ce, goge ka rubuta. In an kira da offset, kada ka goge, gogewa ta koma ioctl lamba 6. Sabuwar ma'ana ta zo da sabuwar siffa, tsohon direba da bai san offset ba zai faɗi da ƙara nan take maimakon ya yi ta goge bayanai a ɓoye. littlefs ma sun yi irin wannan da block_cycles, da can 0 na nufin a kashe juya bulok, kuma 0 ɗin ita ce abin da kake samu in ka manta ba ka cika ba, sai aka hana 0 gaba ɗaya da assert, mai son kashewa ya rubuta -1 da hannunsa, sauran su zaɓi wani abu tsakanin 100 da 1000.

A C dole ka ƙirƙiro wannan ihun da kanka don harshen ba ya taimaka maka. A ce an mayar da abu na farko daga lfs_config zuwa void *. Kafin GCC 14 na 2024, sa fankishin mai tsohuwar siffa a sabon gurbi gargaɗi ne kawai, kuma wa ke karanta gargaɗi in ya kai ɗari biyu. Kod ya haɗu, na'ura ta tashi, fankishin ɗinka yana karɓar context yana ɗauka saiti ne, ya karanta block_size daga wani wuri da ba nasa ba. Ko wanda ya ga gargaɗin ma, da yawa cast za su manna a rufe bakin kompaila. Shi ya sa nake cewa a canza sunan gurbin ma, ko a kwashe kolbak ɗin a kai su sabon struct nasu, yadda tsohon kod ba zai haɗu ba ko an yi yaya, sannan a ba da ɗan ƙaramin fayil na gada da ke naɗe tsohon direba ga wanda bai shirya ba. Kuma a guji sa gurbi mai #ifdef a tsakiyar struct. lock da unlock na littlefs suna zaune ne bayan sync kafin read_size, in laburaren an haɗa shi da LFS_THREADSAFE, naka fayil ɗin kuma ba a haɗa da shi ba, duk lambobin da ke ƙasa sun goce da tsawon fointa biyu, linka kuma ba zai gani ba. Sabon gurbi ya je ƙarshe, 0 ta zama ma'ana marar haɗari, masu amfani kuma su riƙa cikawa da suna, .read = kaza, ba da jeri ba.

Abu ɗaya da ba na so a haɗa da wannan gyaran ko kusa shi ne tsarin bayanan da ke kan filash. littlefs ya raba LFS_VERSION da LFS_DISK_VERSION, kuma da aka tashi daga siga ta 1 zuwa ta 2 a 2019 tsarin kan filash ya canza har sai da aka ba da lfs_migrate. Canjin kolbak na mai rubuta kod ne a kan teburinsa. Canjin tsarin filash na na'urar da ke maƙale a jikin tankin ruwa a Mangu ne, babu intanet, wadda in ta kasa mount kuma kod ɗin ya ce in mount ya kasa a yi format, kamar yadda misalai da yawa ke koyarwa, bayanan wata shida sun tafi kuma sai wani ya shiga mota ya je da kwamfuta.

Gwaji kuwa, kolbak ɗin da kansu su ne ƙofar yinsa, kuma littlefs ya zo da direbobin bogi a folda bd, na RAM da na fayil da lfs_emubd mai kwaikwayon filash. Ka rubuta matakin tsakiya da ke ƙirga prog da erase, a kira na farko ya yi kamar wuta ta ɗauke, ka sake mount ka duba fayil, sai a na biyu, sai a na uku, har aikin ya ƙare, sannan ka sake zagayen yana dawo da -84, ka sake yana dawo da -5. Duk a kan laftof, ba ka ƙona sekta ko ɗaya ba. In rubuta wannan matakin a sabon fasalin ya ɗauke ka layi talatin, madalla. In sai da ka ƙirƙiro saitin bogi da gulobal biyu kafin ya yi aiki, a koma a sake duba abin da ake miƙa wa kolbak ɗin tun kafin a saki sigar.